Karen garke da tafiyar damana zuwa duwatsun arewa

'Yan uwa makiyaya, in ruwa ya sauka, shuka ta rufe hanya, bisashe sai arewa. Wasu su bi tuddan Adar ta Buza da Keita su fita Abalak, wasu su bi ta Tigidit su sauka Ingal wajen lasar gishiri ga watan Satumba, wasu har gindin duwatsun Ayar. Kafin tashi kowa na duba shanu da raƙuma da tumaki, a yi masu lamba, a gyara salka da igiya. Kare ne ake mancewa. Alhali shi ke kwana ido biyu yana kore dila daga 'yan raguna. In kuwa ya kamu da cuta, ba ta tsayawa gare shi. Tana kai ga garke, tana kai ga yara.

Allurar haukan kare

Cikin duwatsu karenku zai gamu da dila da karnukan wasu zanguna. Cizo guda ya isa. Ƙwayar cutar hauka cikin miyau take. Daga wurin cizo tana bin jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa kare zai iya yin makonni ko watanni lafiya lau kafin alama ta fito. In alama ta fito, ga kare ko ga saniya ko ga mutum, ba magani. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan duk mutanen da haukan kare ke kashewa, daga kare suka same shi.

Ku kai kare ma'aikatar kiwo a yi mashi allura tun yana ɗan wata 3, a sake kowace shekara. Ku yi ta wata guda kafin tashi, don jiki na buƙatar makonni kafin ya samu kariya. Ku riƙe takardar allurar tare da takardun garke.

Kan rago da huhu

Kun san tunkiyar da ke juyi wuri guda, ta bar garke, ta rame har a yanka ta. Sau da yawa in an fasa kanta, ana iske jakar ruwa cikin ƙwaƙwalwa. Kun kuma san jakunkunan ruwan da ake gani ga huhu da hantar raƙumi ko tunkiya. Dukansu 'ya'yan tsutsar cikin kare ne. Ga yadda abin ke zagayawa: kare ya ci kai ko huhu mai jaka, tsutsa ta girma cikin hanjinshi, ƙwanta ya fita cikin kashi bisa ciyawa da bakin tabki, tunkiya ta ci. Yaron da ke wasa da kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, shi ma jakar na iya tsirowa ga hantarshi, wani lokaci sai an yi mashi aiki gidan likita.

Don haka kada ku jefa ma kare kai ko kayan ciki ɗanye. Mai jaka a ƙone shi ko a rufe shi cikin rami mai zurfi. Mai kyau a dafa shi. Maganin wannan tsutsa shi ne farazikantel, miligaram 5 ga kowane kilo na nauyin kare. A ba shi kafin tashi, da tsakiyar tafiya, da bayan dawowa. In an ba shi, a ɗaure shi kwana 2, a rufe kashinshi. Kuma kada ku bar kare ya ja mushe. In ciwon saifa ne ya kashe bisa, yaga mushen na watsa cutar cikin ƙasa, ta daɗe shekaru.

Zafi da ruwa

Kare ba ya jiɓi kamar doki. Da haki yake rage zafin jiki. Karen Azawak mai kilo 20 na shan kamar litar 1 a yini in yana hutawa. Bisa hanya cikin zafi, ku lissafa mashi litar 2 ko fiye, kaɗan kaɗan, cikin tasa tashi daban. Wuraren lasar gishiri, ruwan da ke ma raƙumi amfani na iya sa kare zawo da amai. Ku ba shi ruwan da kuke sha.

In kun ga haki ya yi yawa, harshe ya yi ja ƙwarai, yana tangaɗi, ku kai shi inuwa, ku jiƙa cikinshi da wuya da ƙafafu, ku yi mashi fifita. Kada ku ɗura mashi ruwa da ƙarfi. Kada ku ba shi ƙwayar ciwon kai ta mutane, tana lalata mashi hanta ko ƙoda.

Ƙafafu da fata

Dutsen rana na ƙona tafin kare, tsakuwa mai kaifi na yanka shi. Kowane maraice ku duba tsakanin yatsu, ku cire ƙarangiya da ƙaya, ku wanke rauni da ruwa da sabuni. Ku duba kunnuwa da wuya don kaska. Maganin kaskar shanu, ba kowane ke dacewa da kare ba, ku tambayi ma'aikacin kiwo kafin ku shafa. Kada ku ɗaure kare cikin korama da dare. Ruwan dutse na zuwa ko ba a yi ruwa inda kuke ba.

In an yi cizo

1. A wanke wurin nan take da ruwa da sabuni har minti 15. Kada a ɗaure shi ko a cusa mashi toka.
2. A kai mutum gidan likita ranar nan don allura. Kada a jira alama, ko da tafiyar ta yi nisa.
3. A ɗaure karen, a sa mashi ido aƙalla kwana 10, a sanar da ma'aikatar kiwo mafi kusa.
4. Saniyar da ke dalala da kuka ba dalili, kada ku sa hannu cikin bakinta kuna neman abin da ya maƙale.

Dila da ya shigo zango da rana ba tsoro, ku ɗauke shi mahaukaci.

Ƙasar mutane

Cikin Ayar akwai garaka da awakin masu gari, kamar Timiya da Tabelot. Ku riƙe kare da igiya in kuna ratsa su, don akuya guda da kare ya yaga na iya hana ku rijiya. Gandun Ayar da Tenere, wanda aka kafa a 1988, an hana farauta cikinshi. Kada ku saki kare bayan barewa ko ragon dutse.

Mai tambaya ya zo ma'aikatar kiwo ta wajenku kafin ranar tashi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya maido ku gida lafiya da garkenku.