Mai Bakof Ɗin Tsakar Dare

Kayan aikinsa bayanan mutane ne: lissafin kamfani, sakamakon ɗalibai, fayil ɗin marasa lafiya. Duk suna zaune a kan saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da su, shi kuma ya kwashi kwafinsu ya kai wata sabar can nesa. 'Yan sana'ar bakof suke ce wa wannan aiki.

Kowace saba tana da ƙofofi masu lamba, daga 0 har 65535. Wadda aka saba bi a tura fayil cikin sirri ita ce 22, ƙofar SSH, manhajar da Tatu Ylönen ɗan ƙasar Finland ya ƙirƙira a 1995. Ɓarayin intanet sun haddace lambar nan, dare da rana manhajojinsu na ƙwanƙwasa ta suna cankar kalmar sirri. Sai mai bakof ya mayar da ƙofar zuwa 2222, ko wata lambar. Shi da kansa zai gaya maka hayaniya kawai ya rage. Kwaɗon gaske mabuɗin SSH ne, tare da hana shiga da kalmar sirri.

A nan ake tuntuɓe. Sai ya buɗe sabuwar lambar a katangar tsaro kafin ya rufe tsohuwar, in ba haka ba ya kulle kansa a waje, sabar kuwa tana Jamus. Ga kuma rigimar harafi ɗaya: ssh ƙaramin p yake karɓa kafin lamba, scp mai kwafar fayil kuwa babban P. Na taɓa ganin wanda ya yini yana zagin intanet, ashe harafin nan ne.

Daga nan ya saita cron, mai tsara lokacin aiki, ya riƙa tayar da rsync, manhajar kwafi, ƙarfe biyun dare. Abin da ya canja kaɗai rsync ke turawa, don haka data ba ta zuba.

Hayar saba a waje da dala yake biya, shi kuma da naira ake sallamarsa ƙarshen wata, ga data, ga man janareta. Maigidansa kan ga kamar kuɗinsa na tafiya a banza, tunda komai lafiya.

A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin sabobin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa. Wasu da ajiyarsu ke wuri ɗaya da sabarsu sun rasa duka biyun.

In kana da mai yi maka wannan aiki, gobe ka ce ya dawo maka da fayil ɗaya daga ajiyar jiya, a gabanka.