Makarantun Reggio, Inda Shugaba Ya Tarar da Al'ada Tana Jiransa

A shekarar 1945, kwanaki kaɗan bayan wutar yaƙin duniya na biyu ta lafa a ƙasar Italiya, labari ya iske wani saurayin malami mai suna Loris Malaguzzi cewa talakawan ƙauyen Villa Cella, kusa da birnin Reggio Emilia, sun ƙuduri niyyar gina wa 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Ya hau kekensa ya tafi don ya gane wa idonsa, sai ya tarar da mata suna kankare tubalan gidajen da bam ya rushe, kuɗin aiki kuwa an samo su ne daga sayar da tankar yaƙi da dawaki da manyan motocin da sojan Jamus suka gudu suka bari.

Galibi idan ana zancen gyaran ilmi, akan ɗora alhakin duka a wuyan shugaba, kamar dai umurninsa kaɗai zai sa yaro ya bar haddar da ba fahimta ya koma tambaya da bincike da aiki da hannu. Haƙiƙa Malaguzzi mutum ne mai basira, kuma shi ya jagoranci makarantun yara ƙanana da hukumar birnin ta fara buɗewa a 1963, amma a ganina abin da ya ɗaukaka shi bai wuce cewa ya tarar da jama'ar da suka riga suka ɗauki makaranta tamkar gidansu ba, ya kuwa yi hikimar da bai ƙwace ta daga hannunsu ba.

Tsarin da suka shimfiɗa abin mamaki ne ga wanda ya saba da hedimasta da bulalarsa, domin babu hedimasta a makarantun sam. Malamai biyu ke riƙe da aji guda. Akwai masanan tarbiyya da ke zagayawa tsakanin makarantu suna mushawara da malamai. Akwai kuma ɗakin fasaha, cike da yumɓu da fenti da waya da takardu, wanda wani gwanin zane ke kula da shi. Hatta mai dafa abinci ana lissafa ta cikin masu tarbiyya. Malamai sukan rubuta maganganun yara kalma da kalma, su ɗauki hotunan ayyukansu, su manna a bango, sa'an nan su zauna su yi nazari da muhawara a kansu kafin su yanke abin da za a yi gobe, watau jagora ba ya buƙatar tilasta wa kowa sabon salo, tun da hujja na nan manne a bango kowa yana gani.

Ga misalin yadda yaran ke koyo: a dandalin majami'ar San Prospero da ke cikin birnin akwai zakoki na dutse, aka kai yara wajen ɗaya daga cikinsu, suka hau bayansa, suka shafa gashin wuyansa, suka cusa hannu a bakinsa, suka auna shi, sa'an nan suka koma suka zana shi, suka ƙera shi da yumɓu, kowa da irin zakin da idonsa ya nuna masa. A 1991 mujallar Newsweek ta Amurka ta sa makarantar Diana ta wannan birni cikin mafifitan makarantun duniya, baƙi suka yi ta kwarara don ganin sirrin. Malaguzzi ya rasu a 1994, makarantun kuwa suna nan suna aiki bisa tafarkin har yau.