Max Roach da faifan da ya naɗa bayan mutuwar abokinsa

A daren 26 ga Yuni 1956 wata mota ta ƙwace a cikin ruwan sama a kan babbar hanyar jihar Fensilbeniya ta Amurka, mutum uku da ke ciki suka rasu. Ɗaya shi ne Clifford Brown, mabushin ƙaho mai shekara 25, sai Richie Powell mai kaɗa piyano, da matarsa wadda ke tuƙi. Hanyar Shikago suka nufa, inda za su yi wasa tare da makaɗin ganguna Max Roach. Tun 1954 Roach da Brown suke jagorantar ƙungiyar mutum biyar wadda ake ƙirgawa cikin fitattun ƙungiyoyin jaz na zamanin. Dare ɗaya Roach ya rasa abokin tafiyarsa da mai piyanonsa. Duniyar jaz a lokacin miyagun ƙwayoyi sun yi mata kaca-kaca, shekara guda kafin nan ta binne mabushin saksofon Charlie Parker, amma Brown an san shi da kamun kai, ba ya shaye-shaye. Wanda kowa ya sa ran zai tsufa a sana'ar shi ne hanya ta ɗauke.

A watan Satumba na wannan shekarar, wata uku ba su cika ba, Roach ya koma ɗakin naɗar sauti ya yi faifan Max Roach + 4 a kamfanin EmArcy. Ya riƙe Sonny Rollins mai busa saksofon da George Morrow mai bas, ya ɗauko Kenny Dorham a gurbin Brown, Ray Bryant kuma ya zauna a piyano. Wanda ya saurari faifan yana jiran kukan makoki zai sha mamaki, domin babu waƙar ta'aziyya ko ɗaya a ciki. Waƙar juyayin da aka fi sani, I Remember Clifford, Benny Golson ne ya tsara ta. Shi Roach da Ezz-Thetic ta George Russell ya buɗe faifansa, sannan ya kora Just One of Those Things da gudun da ke ƙure numfashin mabusa. A ganina a nan ne ƙarfin faifan yake. Aikin makaɗin ganga a jaz shi ne riƙe lokaci, idan ya sassauta kowa ya ɓace, kuma mutumin da ke cikin jimami ya zaɓi ya riƙe lokacin a wurin da riƙonsa ya fi wuya.

Za a iya cewa mu masu sauraro ne muke ɗora wa faifan labarin da ba nasa ba: makaɗi yana da kwantiragi da kamfani, yana da mutanen da zai biya, dole ya koma aiki ko yana so ko ba ya so. Wannan gaskiya ne, amma kwantiragi bai tilasta masa abin da ya sa a ciki ba. Da cin abinci kawai yake nema, da ya sake naɗar Joy Spring da Daahoud, waƙoƙin Brown da jama'a suka riga suka so, ya nemi mabushin da zai kwaikwayi mamacin. Dorham kuwa sautinsa daban ne, ya fi laushi, bai kai na Brown kauri da walƙiya ba. Akwai masu ganin wannan a matsayin rauni, ni kuma ina ganin amincewa ce da cewa gurbin ba zai ciku ba. Ga kuma Dr. Free-Zee, gajeren kiɗan da Roach ya haɗa gangunansa da timfani, manyan gangunan tagulla masu kama da tamburan sarauta, ya sa ganga ta yi jagora maimakon rakiya. Sunan da ke gaban faifan ma ya koma nasa shi kaɗai.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato komawa aiki ba warkewa ba ce. Masu tarihin rayuwar Roach sun rubuta cewa mutuwar ta jefa shi cikin baƙin ciki mai tsanani da shan giya, kuma bai fita daga ciki da wuri ba. Don haka wanda ya ce faifan shaida ce ta samun sauƙi ya wuce gona da iri. Abin da yake nunawa shi ne hannun mutum na iya tsayawa daram alhali zuciyarsa ba ta tsaya ba, kuma daga nan aka samu abin da ya biyo baya. A 1957 ya fitar da Jazz in 3/4 Time, inda ya gwada jaz a kan bugu uku maimakon huɗun da aka saba. A 1958 ya ɗauki matashin mabushi Booker Little, ya kuma cire piyano daga ƙungiyarsa. A 1960 ya yi We Insist! kan gwagwarmayar baƙar fata, tare da mawaƙiya Abbey Lincoln da makaɗin Najeriya Babatunde Olatunji. Little shi ma bai daɗe ba, ciwon ƙoda ya kashe shi a 1961 yana da shekara 23, Roach ya sake neman wani mabushin ya ci gaba da kiɗa.