Lambun da Aka Noma Daga Nesa: Bayani Kan Sarrafa Mutum-mutumi ta Intanet

Muna so mu yi wa jama'armu na karkara da jami'an ƙananan hukumomi bayanin wani reshe na fasahar zamani, inda mutum ke zaune gaban kwamfuta yana sarrafa mutum-mutumin inji da ke wata ƙasa ta hanyar intanet. Masu wannan fasaha suna shirya ta ne domin nuni ga jama'a, kamar zane ko sassaƙa, su gwada ko mutum zai kula da wurin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba.

Misalin da ya fi kusa da rayuwar manomi shi ne lambun Telegarden, wanda Ken Goldberg da Joseph Santarromana suka buɗe a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka a 1995. Ƙaramin lambu ne zagayayye mai ƙasa da tsirrai na gaske. A tsakiyarsa aka kafa hannun inji mai ɗauke da kyamara da bututun ban ruwa. Duk wanda ya yi rajista yana iya juya hannun daga gidansa, ya duba tsiro, ya ba shi ruwa, ya kuma shuka iri. A shekarar farko mutane fiye da 9,000 suka shiga. A 1996 aka mayar da lambun cibiyar Ars Electronica da ke birnin Linz na Ostiriya, inda ya yi aiki har 2004.

Lambun na kowa ne, kuma ba a gindaya dokoki da yawa ba. Sai dai ana rubuta abin da kowane mamba ya yi, akwai kuma dandalin hira inda mai shirin tafiya zai roƙi wani ya shayar masa da shukarsa. Duk da haka, sai da ma'aikata a wurin masu gyaran inji da kula da ƙasar.

Wannan lamari ba baƙo ba ne a Dambatta, Makoda, Kunchi da Bichi, inda gonaki ke manne da juna, ana noma su kowace shekara da ƙarfin taki. 'Yan ci-rani da ke Legas ko Abuja suna turo kuɗin taki da na ƙwadago ta waya, a tura musu hoton gero. Tambayoyin da lambun ya tayar su ne nasu: shin hoton na gonar ne kuwa, kuma wa zai amsa idan shuka ta bushe?

Don haka muna jan hankalin masu noma daga nesa da su damƙa gona ga amintacce, a rubuta abin da aka kashe. Haka nan jami'ai da masu unguwanni da ke kula da kayan jama'a, kamar ruwan noman rani na madatsar Thomas, su tabbata kowa ya san ranar ban ruwansa, kuma akwai wanda ke zuwa ya gani da idonsa.