Sojan Ruwa a Kan Tudu: Yadda Jamus Ta Yi Yaƙin Ƙasa da Ma'aikatan Jirgi

Ranar 9 ga Afrilu, 1940, matsakaitan jiragen yaƙi goma na Jamus suka kutsa mashigin ruwan Narbik, can ƙuryar arewacin Norwe, suka sauke sojojin hawan dutse kimanin 2,000 a ƙarƙashin Janar Eduard Dietl. Abin da ya kai su shi ne tama. Ƙarfen da masana'antun makaman Jamus ke ci daga Kiruna ta ƙasar Suwidin yake fitowa, jirgin ƙasa ya kawo shi Narbik, domin tashar ba ta daskarewa ko da hunturu ya kai maƙura. An tsara jiragen su sauke mutane, su sha mai, su juya gida. Sai dai tankar mai ɗaya ce kawai ta iso, shayar da jirage goma kuwa ba aikin dare ɗaya ba ne. Suna nan suna jiran layi Ingila ta faɗo musu da asubar 10 ga wata, ta kashe kwamandansu Friedrich Bonte, ta nutsar da biyu. Ranar 13 ta dawo da babban jirginta Warspite ta gama da sauran. Wasu ma ma'aikatansu ne suka kai su gaɓa suka fasa su da hannunsu, bayan harsashi ya ƙare.

Cikin kwana huɗu Jamus ta yi asarar kusan rabin irin waɗannan jirage da take da su. Amma mutum wajen 2,600 sun fito da rai, wasu jiƙe sharkaf da baƙin mai, ba takalmi, ba bindiga, ga dusar ƙanƙara har gwiwa. Sun fi sojojin Dietl yawa. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki: Dietl ya buɗe rumbun makaman Norwe da ya kama a Elvegårdsmoen, ya raba musu bindigogi da tufafin sojan Norwe, aka haɗa su runduna guda a hannun wani hafsan sojan ruwa, Fritz Berger.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin Narbik shi ne irin aikin da aka ba su. Dietl ya san wanda ya saba tsayawa gaban injin jirgi bai iya tafiya a kan ƙanƙara ba, balle ya yi kwanton ɓauna a bayan dutse. Saboda haka mafi yawansu ya jera su a kan layin dogon da ya tashi daga Narbik zuwa iyakar Suwidin. Suka ciro igwa da na'urorin rediyo daga jiragen da suka lalace, suka gyara kawunan jirgin ƙasa, suka yi dakon abinci da albarusai zuwa bakin daga, suka yi gadin gadoji da hanyoyin ƙarƙashin dutse. Duk matuƙin da ya tsaya gadi ya 'yantar da gogaggen soja ɗaya ya tafi inda wuta ke ci. Inda aka sa su gaba da gaba da sojojin Norwe, waɗanda aka haifa cikin wannan sanyi, sun sha wuya ƙwarai.

Duk da haka ba su ne suka ceci Dietl ba. Sojojin Norwe da na Faransa da na Folan sun ƙwace garin ranar 28 ga Mayu, suka matse Jamusawa zuwa bakin iyaka, har ana maganar su tsallaka Suwidin su miƙa makamai. Rushewar Faransa ce ta sa ƙawayen Norwe suka kwashe mutanensu kafin 8 ga Yuni. Abin da ma'aikatan jirgin suka yi shi ne sayen lokaci, ya kuwa isa.

Wannan ba sabon abu ba ne ga Jamus. A yaƙin duniya na farko ta kafa runduna sukutum ta sojan ruwa a gaɓar Beljiyam, ƙarƙashin Admiral Ludwig von Schröder, wadda ta riƙe Ostend da Zeebrugge har Oktoban 1918. A Yulin 1917 ma ta murƙushe bataliya biyu ta Ingila a Nieuwpoort. Waɗannan an horar da su, sun shekara suna zaman ramin yaƙi har sun zama sojan ƙasa in ban da suna.

Wanda ya fi kusa da mu ya faru ne a Gabashin Afirka. Jirgin yaƙi Königsberg ya nutsar da wani jirgin Ingila a Zanzibar a Satumban 1914, ya shige cikin rassan kogin Rufiji, a Tanzaniya ta yau, ya ɓuya cikin itatuwa. Sai a Yulin 1915 Ingila ta samu ta ragargaza shi. Kyaftin ɗinsa Max Looff bai bar igwa ko ɗaya a ruwa ba. Aka ciro guda goma masu bakin milimita 105, aka ja su zuwa Darussalam, aka ƙera wa wasu ƙafafu, ma'aikatan jirgin suka bi su cikin rundunar Paul von Lettow-Vorbeck. Su ne manyan bindigogin da Jamus ta mallaka a wannan fage gaba ɗaya. Littattafan Turawa sukan yaba dabarar, su wuce da sauri kan wanda ya ja kayan: ɗaruruwan 'yan dako baƙar fata ne ke ɗaure da igiya suna jan kowace igwa cikin taɓo da daji, yunwa da cuta na ɗibarsu. Da rundunar Lettow-Vorbeck sojojin Nijeriya suka kara, cikinsu har da Hausawa masu yawa, bayan Ingila ta kai su can a ƙarshen 1916. A Mahiwa, cikin Oktoban 1917, an yi musu mummunar ɓarna. Har yau akwai ɗaya daga cikin igwogin a Mombasa, wata a Pretoria.

A Rufiji da Narbik tilas ce ta fito da mutanen tudu, kuma sun fito da sana'arsu a hannu. Na 1945 daban ne. Jiragen sun ƙare, wanda ya rage ba man da zai tashe shi, ga dubban matasa zaune a bariki. Babban Admiral Karl Dönitz ya mayar da su rundunonin ƙasa guda uku. A wani zama da aka yi a farkon Afrilu, Janar Gotthard Heinrici, wanda aka ɗora wa tare sojojin Sobiyat a kogin Oder, ya shaida wa Hitila cewa ba shi da mutanen da zai maye gurbin waɗanda za su faɗi. Nan take manya suka shiga gasar kyauta: Göring ya yi alkawarin 100,000 daga sojan sama, Himmler 25,000, Dönitz 12,000. Heinrici ya nuna musu cewa mutumin da bai taɓa jin ruwan igwa a kansa ba, bai san yadda ake haƙa rami ko fakewa ba, lissafi ne kawai a takarda. Ba wanda ya saurare shi.

A ganina nan ne laifin yake, ba a wurin yaran ba. Koyar da mai kula da injin jirgin ƙarƙashin teku yana cin shekaru, sai ga shi an miƙa masa Panzerfaust, wato bututun harba tankar yaƙi da ake harbawa sau ɗaya a yar, an ce ya tare tanka daga tazarar da jifa ke kaiwa. Ba a rasa jarumta ba. Runduna ta biyu cikin ukun nan ta tsaya wa Ingila a garin Rethem da ke bakin kogin Aller, ta kashe mata mutane, ta jinkirta ta 'yan kwanaki, bayan kwamandanta Admiral Ernst Scheurlen ya mutu ranar 8 ga Afrilu. Amma jinkirin bai da abin da yake jira. A Narbik akwai Faransa da ke shirin faɗuwa. A nan Jamus ce ke faɗuwa, kowa kuma ya sani.

A makon ƙarshe na Afrilu, Balin tana kewaye ta ko'ina, Dönitz ya sake ɗibar wasu ma'aikatan jirgi ya tura su ta sama cikin birnin, aka sa wasunsu gadin fadar Hitila. Ranar 30 ga wata Hitila ya kashe kansa, ya bar wasiyya cewa Dönitz ne magajinsa. Sabon shugaban ya sa aka rattaba hannu kan miƙa wuya a ranakun 7 da 8 ga Mayu, ya ci gaba da zama da ministocinsa a Flensburg har 23 ga wata, ranar da sojojin Ingila suka zo suka kama su.