Rigar Bango: Aikin Ƙwayoyi a Cikin Laso da Cafe

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin birnin Kano ruwan sama ma ta nan yake shiga. Duk shekara idan damina ta kankama a watan Agusta, akan ji labarin soraye da katangun ƙasa da suka rufta, wani lokaci har da asarar rayuka. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan tubali, alhali kuwa ɓarnar takan soma ne daga shafen waje, wanda kaurinsa bai kai faɗin yatsu biyu ba. Wannan siririyar riga, da irin ƙwayoyin da aka cuɗa a cikinta, su ne ke yanke wa gini hukuncin daɗewa ko rushewa.

Don a fahimci haka, sai a dubi ƙasar gini kanta. Masana sun kasa ƙwayoyinta gwargwadon girmansu. Ƙwayar yumɓu ba ta kai milimita 0.002 ba, ta yashi kuwa tana iya kaiwa milimita 2. Yumɓu shi ne ke riƙe sauran ƙwayoyi, amma yana da aibi guda: yakan kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke idan ya bushe, daga nan sai tsaga ta bayyana. Bugu da ƙari, babban ɗigon ruwan sama yakan faɗo da gudun kimanin mita 9 a daƙiƙa guda, kuma kowane bugu nasa yakan ɓamɓare ƙananan ƙwayoyi daga jikin bango. Wannan shi ne mafarin zaizaya.

Maginan Kano sun daɗe da samo maganin wannan matsala, kuma daga sharar wasu sana'o'i suka samo shi. Na farko shi ne katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, irin rijiyoyin marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Akan kwashe shi a shanya, a ƙona, sa'an nan a daka ya zama gari mai launin toka. Na biyu shi ne gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatun awaki. Na uku kuwa dafara, wani tsiro mai yaɗo wanda idan aka daka saiwarsa aka jiƙa, sai ruwan ya yi yauƙi. Haɗin waɗannan uku shi ake kira laso, kuma da shi ake shafe rufin soro da bakin indararo, har ma da cikin rijiyar rinin kanta.

Kowane ɗayansu yana da aikinsa. Garin katsi ba ya kumbura kamar yumɓu, kuma ƙwayoyinsa masu laushi sukan toshe ƙofofin da ruwa zai bi. Yauƙin dafara ya ƙunshi dogayen sarƙoƙi na dangin sukari, waɗanda ke manne ƙwaya da ƙwaya. Gashi kuwa an gina shi da sinadarin keratin, mai jure ruɓa, kuma zarensa yakan gitta bakin tsaga ya hana ta yin nisa.

Akwai kuma cafe, inda aikin ƙwayoyi ya fi fitowa fili. Bayan an yaɓa ƙasa a bango, tun ba ta gama bushewa ba sai a danna mata tsakuwa, daga baya a shayar da ita ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko ruwan bagaruwa. Tsakuwar ce ke tarar bugun ruwa a madadin yumɓu. Amma fa sai da awo: idan ta yi kaɗan, ruwa ya ci tsakaninta, idan ta yi yawa, ƙasar ta kasa riƙe ta, ta kakkaɓe.

Wannan ƙa'ida, cewa fatar waje ce ke mulkin abu, an auna ta da na'urori a wani fage mai nisa da gini. A Amurka ana wasan bolin, inda ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanya mai tsawon ƙafa 60 don a kayar da sanduna goma. Akan shafa wa kimanin kashi biyu cikin uku na farkon hanyar mai, saboda haka ƙwallo mai sulɓi sai ta yi ta zamewa. A ƙarshen shekarun 1990 masana'antu suka fara cuɗa ƙananan ƙwayoyi masu tauri, irin na gilashi ko tangaran, a cikin ɓawon ƙwallon. Ƙwayoyin sukan huda man su kama hanya, ƙwallo ta soma karkata da wuri. Amma idan mai ya yi ƙaranci, ƙwallo mai ƙwayoyi da yawa takan ƙarar da ƙarfinta tun ba ta isa sandunan ba. Binciken da hukumar wasan, USBC, ta fitar a 2008 ya nuna cewa kaushin ɓawo ya fi kowane abu tasiri a kan tafiyar ƙwallo. Darasin dai ɗaya ne da na cafe: ƙwayoyi kan yi amfani ne idan yawansu ya dace da yanayin da za su fuskanta.

A nan ne kuskuren zamani yake. Mutane da yawa sukan shafa siminti a kan bangon ƙasa da nufin kare shi. Siminti kuwa ba ya kumbura ko tsukewa tare da ƙasa, kuma yakan tsare laimar da ta shiga bayansa. Sannu a hankali ƙasar takan jiƙe a ɓoye, har shafen ya ɓalle falle-falle.

Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), ta shiga jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007, amma sassa da dama nata sun zama tudun ƙasa. Rijiyoyin rini sun ragu, katsi ya ragu tare da su, maginan da suka san awon laso kuma suna ta tsufa. Ya kamata sassan kimiyya na jami'o'i su zauna da su, su rubuta awon, su gwada shi a ɗakin bincike tun ilimin bai bi su kushewa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.