Gyaran Mota Da Babur Da Gam: Inda Ya Dace Da Inda Bai Dace Ba

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan gam, wato abin liƙi da muke saya a kasuwannin Bichi, Ɗambatta da Tsanyawa domin ƙananan gyare-gyare.

A ƙauyukanmu babur ɗaya ko tsohuwar mota ɗaya ce ke kai hatsi kasuwa, ta kai fasto wa'azi, ta kuma ɗauki mace mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na kayan gyara sun tashi. Zuwa Ƙofar Ruwa a Kano domin ƙaramin abu ba sauƙi, shi ya sa kowa ya koma ga gam. Wannan ba laifi ba ne. Amma gam iri-iri ne, kowanne da aikinsa, kuma akwai wuraren da sa shi ganganci ne da rai.

Ire-iren gam da aikinsu

1. Super Glue. Wani Ba'amurke mai suna Harry Coover ne ya gano sinadarinsa a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Ɗan danshin da ke cikin iska ne ke sa shi daskarewa, shi ya sa yake kama yatsa nan take. Yana da kyau ga ƙananan abubuwa da suka karye suka kuma haɗu daidai, kamar murfin fitilar sigina ko maɓalli. Ba ya cike rami, ba ya jure girgiza, kuma idan zafi ya kai wajen digiri 80 ƙarfinsa yana raguwa. Saboda haka ba na jikin inji ba ne.

2. Gam mai bututu biyu, irin su Araldite, wanda kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan ya fito da shi a 1946. Ana matso na bututun farko da na biyu daidai wa daida, a gauraya sosai har launin ya zama ɗaya. Yana kama ƙarfe da alminiyam, yana kuma cike ƙaramin rami. Mai saurin kamawa yakan daskare cikin minti 4 ko 5, amma cikakken ƙarfinsa sai ya kwana. A lokacin bazara zafi yana sa shi daskarewa da wuri, don haka a dama kaɗan-kaɗan.

3. Silikon na gasket. Shi ne mai laushi kamar man goge baki, akwai ja, akwai baƙi, akwai ruwan toka. Aikinsa hana yoyon baƙin mai ko ruwa tsakanin murfi da jikin inji. Yana jure zafi, amma fetur yana lalata shi. Kada a sa shi a kafireta ko a tanki, kada kuma a sa shi a madadin gasket na kan inji. A shafa siriri. Idan ya yi yawa, ragowar tana faɗawa cikin inji ta toshe rariyar mai, inji ya buga.

4. Gam na kushin da takalmi, irin su Evo-Stik. Na fatar kujera ne, da darduma, da robar bakin ƙofa. Ana shafa wa ɓangarorin biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sa'an nan a haɗa a danna. Wanda ya haɗa shi da ɗanyensa zai ga ya ɓare washegari.

5. Sholisho na faci. Na roba ne kawai. A kankare wurin hujin, a shafa kaɗan, a bari ya sha iska, a ɗora faci a danne da ƙarfi.

Wanne za a saya?

Kafin ka ba da kuɗinka, yi wa kanka tambaya uku. Da me aka yi abin da ya karye? Wurin yana zafi, ko mai yana taɓa shi? Idan liƙin ya saki ina cikin tafiya, me zai faru?

Ku lura da roba musamman. Yawancin bamba na mota da robar ruwa an yi su da wata roba mai santsi wadda gam na kasuwa ba ya kamawa. Idan ka duba ta ciki za ka ga an buga PP ko PE. Irin wannan sai dai a narka ta da ƙarfe mai zafi a haɗa, ko a huda a ɗinke da waya.

Shirya wurin shi ne rabin aiki

Sau da yawa muna cewa gam jabu ne, alhali wurin ne ba mu gyara ba. Gam yana kama abin da ya fara taɓawa. Idan ƙurar hunturu ce ko maiƙo, su zai kama.
- A wanke da ruwa da garin sabulu, a bari ya bushe sarai. Kada a goge da kananzir, domin yana barin maiƙo.
- A goge da samfefa har wurin ya yi kaushi.
- A gwada haɗa ɓangarorin tun kafin a shafa gam.
- A ɗaure da igiyar roba ko waya, a bar shi ya kwana.

Wuraren da ba a sa gam ko kaɗan

Wata rana ina dawowa daga ziyarar ƙungiyar mata a wani ƙauye, a bayan babur na wani ɗan'uwa. Da muka zo gangaren wani rafi ya taka birki, sai ƙafar baya ta ƙulle, muka zube cikin yashi. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai muka yi. Da aka kwance ƙafar, sai ga fatar birki ta ɓare ta cushe a ciki. Ashe ta taɓa saki, shi kuwa ya mayar da ita da Super Glue domin ya tsimi kuɗin sabuwa. Birki yana yin zafi ƙwarai idan ana taka shi, zafin ya cinye gam ɗin. Da a kan kwalta ne, gaban babbar mota, da labarin ya sha bamban.

Saboda haka muna roƙonku, kada ku sa gam a waɗannan wurare:
- birki, da fatarsa, da tiyonsa;
- sitiyari da duk ƙarfen da ke riƙe ƙafa;
- tiyon fetur;
- gefen taya idan ya yage;
- salansa, domin zafinsa ya fi ƙarfin waɗannan gam, aikin mai walda ne.

Idan lagireto ko tankin ƙarfe ya yi ɗan yoyo a hanya, gam mai bututu biyu zai iya kai ka gari. A kashe inji, a bari ya huce, a nisanci wuta. Amma da isarka ka nemi makaniki. Liƙin na kai ka gida ne kawai.

Kula da lafiya

Idan Super Glue ya haɗe yatsu, kada a fizge. A jiƙa cikin ruwan ɗumi da sabulu, a riƙa murzawa a hankali. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta, kada a buɗe idon da ƙarfi, a tafi asibiti. Kada a goge shi da auduga, domin haɗuwarsu tana kawo zafi mai ƙuna.

Sholisho da gam na kushin suna kama wuta. A yi aiki da su a waje, nesa da murhu da fitilar kwai. Iyaye kuma su sani cewa wasu matasa suna shaƙar sholisho domin maye. Yana lalata ƙwaƙwalwa, yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. A ajiye shi inda yara ba za su kai ba. Idan gwangwani yana ƙarewa ba tare da an yi faci ba, a bincika cikin ƙauna, a sanar da fasto ko dattawa.

A sayi ƙaramin bututu, a matsa a ji bai daskare ba, a rufe da kyau bayan aiki, a ajiye a wuri mai sanyi, ba a ƙarƙashin kwanon rufi ba.

Shawara ga kwamitin ikilisiya

Idan ikilisiyarku tana da babur ko mota, a ware ɗan kuɗi kowane wata domin birki da taya, a kuma sa mutum ɗaya ya riƙa dubawa kafin kowace doguwar tafiya. Mu tuna da mahaifiyar Musa a Fitowa sura 2. Ba ta sa ɗanta cikin kwando a kogi ba sai da ta dalaye shi da kyau, domin ta san rai ne zai shiga ciki. Abin hawanmu ma rayuka yake ɗauka.

A karanta wannan a taron matasa da na zumuntar maza. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.